Zinaren da Aka Ce Ya Gudu

Maƙwabciyata ce ta kawo mini labarin ta kan katanga, tana shanya. Wai zinare ya gudu daga tudun haƙa, kuma wai Auta ce ta kore shi. Ta faɗa da muryar nan ta masu jaje, wadda in ka kasa kunne za ka ji daɗi kwance a ƙarƙashinta. Na tambaye ta ko an ga inda ya nufa, gabas ko yamma, a ƙafa ko a mota. Ta ce ni dai ba na sauyawa, boko ya cinye mini tsoro, ai kowa ya san in mace ta shiga rami zinare ba ya zama.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, kuma ba amsar da ta ƙarar mini da jan biro kamar "kowa ya sani".

Auta 'yar ƙanena ce, Allah ya jiƙansa. Ramin da mijinta Dogo yake haƙa shi ne ramin Babanmu, ya bi ta hannun ƙanena ya zo hannunsu. Abin da ya faru kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wata uku da suka wuce, a ƙarshen damina, ruwa ya jiƙa bangon ramin, ƙasa ta rufto ta danne ƙafar Dogo a wani lungu can ƙasa. Ƙofar da ta rage ba ta ɗaukar kafaɗar namiji. Auta ta zo kawo abinci ta tarar da maza tsaye a bakin rami suna ta salati. Siririya ce, kamar ubanta. Ta ɗaura igiya a ƙugu, ta karɓi tocila da ƙaramin shebur, aka zura ta. Ta yi fiye da awa tana tono a kwance kafin ta zaro mijinta. Mazan da suka riƙe mata igiya ran nan, su ne yanzu suke cewa ta ɓata tudu.

Da yammar ranar da na ji labarin, Auta ta zo gidana. Ta zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa, ta ƙi hawa kujera. Ta ce ƙungiyar mahaƙa za ta zauna jibi da safe. Ana so a toshe ramin Baba a cike shi da ƙasa, ita kuma a hana ta taka tudun har abada, ko zinaren ya huce ya dawo. Dogo yana ɗingishi har yanzu, ba wanda zai ɗauke shi aiki a wani ramin. 'Ya'yansu huɗu.

"Gwaggo," ta ce, "in da na bar shi a ciki, da yanzu ana yabona da ladabi."

Ban ba ta haƙuri ba, don haƙuri ba ya buɗe rami. Na tambaye ta ko da gaske zinaren ya ragu. Ta ce ƙwarai, wannan ba ƙarya ba ne. Buhun da ake wankewa a da a ga abin kirki, yanzu sai a wanke uku ba a ga rabinsa ba. Kuma ba raminsu kaɗai ba, duk ramukan tudun, goma sha ɗaya. Wannan ya tsaya mini a rai. Ruwa ba ya tsami banza, amma ramuka goma sha ɗaya ba sa tsami rana guda sai in abu ɗaya suke sha. Na ce ta tafi gida, gobe zan hau tudun.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Ni ma na shiga ramin nan. Ina 'yar shekara tara Baba ya saki fitilarsa ta faɗa wani saƙo, ya duba hagu da dama, ya ɗaura mini igiya ya zura ni na ɗauko, ya ce in Inna ta ji to ni da shi mun ɓata. Na so in ce a shekarar aka fi samun zinare, don labarin ya yi daɗi. Gaskiyar ita ce ban tuna ba. Abin da na tuna shi ne sanyin bangon, da fuskar Baba can sama kamar ƙaramin faifai. Labarin tsohuwa ba hujja ba ne, don haka na bar shi a gida, na ɗauki sandata.

Rabona da tudun ya kai shekara ashirin. Tun daga nesa na gane ya sake murya. A zamaninmu abin da ake ji shi ne guduma a kan dutse, da zubar ruwa daga kwano, shaa, a tsaya, shaa, da surutun mata masu zuba shi. Wurin wanki ɗaya ne ga kowa, a gindin tudu: dogon katako mai gefe biyu kamar kwami, an ɗaga kansa kaɗan, an shimfiɗa bargo a ciki. A zuba niƙaƙƙen dutse a sama, mata su bi shi da ruwa. Laka ta wuce, zinare da yake mai nauyi ne ya nutse ya maƙale a gashin bargon. Can a ɗauke bargon a ɗauraye a daro, a kaɗa abin da ya kwanta a kasko har sai rawaya ta fito a gefen baƙin yashi. A gefen wannan katakon na koyi raba dogon lissafi da gawayi, Baba yana leƙowa yana gyaɗa kai kamar ya gane. Bai san ko baƙi ɗaya ba. Zinaren da ya kai ni makaranta a 'yar kwalbar allura yake tara shi, ya toshe bakinta da tsumma.

Ba na cikin masu cewa da can komai zuma ne. Baba bai kai sittin ba, ƙurar dutse ta cinye masa ƙirji, shekara biyu yana tari a zaune don ba ya iya kwanciya. Amma hannunsa ya san aikinsa, kuma ina kewar zaman nan na gefen katako, ƙafafuna cikin ruwa, har yau.

Yanzu inji na tarar yana ruri, ba mace ko ɗaya a wurin wanki. Katakon na nan, wataƙila jikan wancan ne. Wani ƙaton tiyo ya taso daga ramuka ya ɗora baki a kansa yana aman ruwa. Mai kula da shi, wanda kowa ke kira Mai Inji, ya taso da fara'a ya gaishe ni, ya ce Malama yau an tuna da talakawa. Na ce masa na zo ganin abin zamani ne kafin in mutu. Nan take ya buɗe baki, don mutum ne mai son a yaba masa.

Ya ce bayan abin da ya sami Dogo ne aka haɗa hannu aka sayo injin, don a riƙa zuƙe ruwa daga ramuka kada a sake samun rufta. Shi ne ya kawo dabarar cewa maimakon ruwan ya tafi a banza, a juyo shi kan katako. Ga shi an huta da masu kwano da surutunsu, abin da ake wankewa a kwana uku yanzu kafin azahar an gama. Na tambaye shi ina bargo. Ya yi dariya, ya ce ruwan yana naɗe bargo ya jefar, sai suka sa kafet na roba suka buga masa ƙusa. Na ga bulo biyu a ƙarƙashin kan katakon, na tambaya. Ya ce laka ce take taruwa, suka ƙara ɗaga shi don ta riƙa wucewa da sauri.

Na tambaye shi yaushe aka fara duk wannan. Ya ce sati ɗaya bayan an fito da Dogo. Ya faɗa yana kallon idona, bai ji komai a maganarsa ba.

Baba yana da ma'auninsa. Kullum da safe kafin a zuba dutse, sai ya karya tsinken ciyawa ya saka a kan ruwa daga sama, ya bi shi a gefe yana takawa a hankali, hannu a baya, yana kwaikwayon kakarmu. Yakan ce ruwan wanki kada ya wuce tafiyar tsohuwa, in ya wuce to zinare bai sami wurin zama ba. Mukan yi ta dariya. Ran nan ba sai na kwaikwayi kowa ba. Na karya tsinke na saka, na ɗaga sandata. Kafin in sauke ƙafa ta biyu tsinken ya faɗa ƙarshen katako ya ɓace.

A ƙarshen katakon laka ta taru ta yi wani tudu nata, mai laushi, kusan tsayin ƙuguna. Na ce wa Mai Inji ya cika mini leda da ita, ina son in yaɓe murhuna. Ya cika har da ƙari, ya ce Malama ko buhu take so a kai mata.

A gida na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Kaskon Baba yana ciki, da bargonsa na ulu, ruwan toka, gefensa ɗaya ya zaizaye. Ƙanena ya so ya yar da su lokacin da aka raba kaya, na karɓe. Na zauna a tsakar gida da bokitin ruwa, na zuba laka a kasko na fara kaɗawa. Da farko na yi ta zubar da komai, wuyan hannuna yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A karo na uku hannun ya tuna da kansa: a karkata, a juya, a bar ruwa ya lashe sama-sama. Baƙin yashi ya rage a gindi. Na ɗiga ruwa na juya sau ɗaya. Sai ga ta, siririyar rawaya a gefe kamar zare. Na sa tabarau na duba, na cire na sake dubawa. Na maimaita da sauran lakar har sau huɗu, don sau ɗaya sa'a ce. Duk huɗun ta fito.

Washegari da safe na sa Auta ta ɗauko bargon da kaskon da kwano, muka hau tare. Maza sun cika gindin tudu, wasu a kan buhuna, wasu a tsugune. Dogo yana can gefe da sandarsa, kansa a ƙasa. Da ya gan ni ya yunƙura zai durƙusa na ce ya bar ƙafar ta huta. Da aka ga Auta sai aka fara gunaguni.

Shugaban ƙungiyar, wanda suke kira Ciyaman, ɗalibina ne a aji biyar. A bencin baya yake zama, kuma Sarkin Barci muke ce masa. Yanzu ya yi tumbi da furfura. Ba mugu ba ne; mutum ne da yake da ramuka goma sha ɗaya na masu yunwa a wuyansa, yana neman abin da zai ce musu. Ya taso ya gaishe ni da ladabi, ya ce da na aiko ai da ya zo har gida, wannan zama na maza ne kuma maganar ta riga ta nuna.

Na ce masa ban zo hana zama ba, awa ɗaya nake roƙo, ta tsohuwar malama. In an gama, in ya ga dama ya cike ramin, ni zan fara zuba shebur ɗin farko. Wani daga baya ya ce a bar Malama ta yi darasinta, an daɗe ba a sha bulala ba. Aka yi dariya, dariyar ce ta ba ni awar.

Na ce a kawo buhu ɗaya na niƙaƙƙen dutse, daga ramin da suka ga dama. Suka kawo na Ciyaman. Na sa shi ya juye a kan leda ya gauraya da hannunsa, ya raba biyu da kwano, ɗaya nan ɗaya can, har ya ƙare. Na ce in ya manta yadda ake rabawa da biyu in tuna masa. Ya ce wannan dai ya riƙe.

Kashin farko aka wanke yadda suka saba. Mai Inji ya tayar da injinsa, kafin a ce me an gama. Aka ɗauraye kafet, Ciyaman da kansa ya kaɗa a kaskonsa. Ƙwaya uku ko huɗu, sai an runtse ido. Ya zagaya da kaskon yana nuna wa mutane, kowa yana girgiza kai yana satar kallon Auta.

Na ce a kashe inji, a janye tiyo, a cire bulo biyun nan. Tudun ya yi tsit, kamar yadda na san shi ina budurwa. Na warware bargon Baba. Na san abin da za a ce, don haka na riga su: na ce a kawo daro a wanke bargon a gaban kowa, kada a ce na zo da zinare a ciki. Mai Inji ya wanke, aka kaɗa ruwan. Sai ga ƙwaya biyu, ƙanana, a gindin kasko.

Ban shirya wa wannan ba. Shekara hamsin da wani abu suna kwance a akwatina, daga wankin ƙarshe da Baba ya yi kafin tari ya zaunar da shi. Na dangwale su da yatsa na ɗaure a bakin mayafina. Na ce a sake wankewa. Aka wanke sau biyu, har kasko ya fito fes.

Aka shimfiɗa bargon. Na miƙa wa Auta kwano. Nan gunaguni ya koma magana. Ciyaman ya matso ya rage murya, ya ce Malama a yi haƙuri, ko wa zai zuba ruwan ban da ita.

"Ai ita ce maganar," na ce masa. "In abin da kuke faɗa gaskiya ne, hannunta zai kori ɗan abin da ya rage, ka ga ka sami hujja a gaban jama'a. Me kake tsoro?"

Ya koma ya zauna.

Auta ta fara zubawa, ruwan ya yi yawa. Na ce ta sassauta, ba gobara take kashewa ba. Na karya tsinke na saka, na bi shi da sandata. Ya riga ni. Ta ƙara sassautawa. A karo na uku muka isa ƙarshen katako tare, ni da tsinken. Wani dattijo a cikin mahaƙan ya ce, kamar mai magana da kansa, haka tsohon yake yi. Ban waiwaya ba.

Aikin ya ɗauki lokaci. Rana ta ɗaga, masu tsuguno suka sauya ƙafa, Mai Inji ya ce da injinsa ne da yanzu an wanke buhu goma. Shaa, a tsaya, shaa. Na zauna a kan bulon da aka cire ina kallon lakar tana gangarawa a hankali a kan ulun, ina jin kamar in na juya zan ga gawayina a gefen katako.

Da aka gama aka ɗauraye bargon a daro. Na ce Ciyaman ya kaɗa, da kaskonsa, ba na Baba ba. Ya tsuguna, mutane suka rufe shi har ba na ganinsa. Can ya miƙe da kaskon a hannu. Rawayar ta kwanta a gefe, ba sai an runtse ido ba. Ta ninka ta farko ninkin da ban tsaya ƙirgawa ba.

Mai Inji ya ce wataƙila kashin nan ne ya fi kyau. Na tuna masa wanda ya raba. Sannan na nuna wa Ciyaman tudun lakar da ke ƙarshen katako, na ce ya ɗebi kasko ɗaya daga inda ransa ya so. Ya ɗiba ya kaɗa. Bai gama juyawa ba rawaya ta leƙo, na ga mutum biyu sun zame daga taron sun nufi inda buhuna suke. Kafin ya ɗago kai, rabin ƙungiyar tana kan lakar nan da shebur, ana ture juna, ana cewa wannan gefen na raminmu ne. Da kyar ya tsawatar, ya ce laka ta kowa ce, za a wanke ta tare a raba, kuma a nemo barguna, a kira matan da aka sallama.

Dogo ya ɗingiso ya tambaye shi batun raminsa. Ciyaman ya ce wane rami, wa ya ce za a taɓa rami, ya je ya ci gaba da aikinsa. Ba wanda ya ce wa Auta komai. Ta matse bargon, ta ninke, ta ɗora a ka. Muna saukowa ta tambaye ni ko zan bar mata shi. Na ce aro ne, kuma kada ta shanya shi a rana mai zafi, Baba a inuwa yake shanya shi.

Bayan kwana biyu maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Ta ce an ce bargon tsohon yana da asiri, shi ya kira zinaren ya dawo, kuma wai har an fara zuwa wurin Auta ana neman a yanka musu ƙyalle. Ta rage murya ta ce in gaya mata tsakanina da ita, me aka ɗinka a ciki.

Na ce mata bargon ulu ne, ba a ɗinka komai a ciki ba. Zinaren bai je ko'ina ba. Ruwan inji ya yi ƙarfi, an ɗaga katako ya yi tsaye, kafet ɗin roba ba ya riƙe komai, wata uku zinaren yana bin ruwa yana zubewa cikin laka.